Kafin Ki Ajiye Aiki Saboda Tuwo

Gummi,
ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Kulu, a Anka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki da surukanki da duk mutanen gidan. Allah ya tsare ki a hanyarki ta zuwa asibiti da dawowa, ya sa albarka a hannuwan nan naki da kike karɓar haihuwa da su, ya kare ki daga sharrin da kika sani da wanda ba ki sani ba. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Labarin gida ki bar shi sai kin zo, yau ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Takardarki ta iso ni ranar Litinin ta hannun direban motar Anka. Na karanta ta a tsaye, na nemi wuri na zauna na sake karantawa. Kin ce wata huɗu ke nan da tarewarki, kuma duk ranar da aiki ya riƙe ki ba kya isa gida sai ana shirin kiran magariba, ƙafafunki kamar ba naki ba. Kin ce a unguwarku maza suna ciyayya, bayan sallah kowane magidanci ya fito da kwanonsa, su haɗu a ƙofar gida ɗaya su ci tare. Sau uku maigidanki ya fita hannu rabbana, sau ɗaya kuma tuwonki ya isa bayan an wanke hannu. Bai ce miki komai ba, kuma shirun nan nasa ya fi miki zafi a kan ya yi faɗa. Don haka kin rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin jakarki, kina jiran ƙarshen wata ki miƙa.

Ba zan ce miki kar ki miƙa ba. Ke ba yarinya ba ce, kuma nauyin da ke kanki kin fi ni saninsa. Roƙona ɗaya ne, ki bar ta a cikin jakar har ki gama karanta wannan. Doguwa ce, ki yi haƙuri da ni. Ki cire takalmi ki miƙe ƙafa, in akwai abin sha kusa ki sha.

Kin san na yi koyarwa a Bukkuyum, lokacin babanku yana malamin gona a can, kafin a dawo da shi Gummi. Da safe ina riƙe da aji uku a firamare. Bayan la'asar kuma, kwana uku a mako, ina koya wa matan aure karatu da rubutu. Ku dai abin da kuka tashi kuka ji shi ne ciwon baya ya sa Inna ta bar aiki. Ciwon baya kam ina da shi har gobe, amma ba shi ya raba ni da alli ba. Tuwo ne ya raba ni da shi, kuma har jiya babu wanda ya san haka sai ni.

Kuskurena na farko, na raina injin niƙa. A lokacin guda ɗaya ne a garin, can bakin kasuwa, mata suna ta aika niƙa. Ni kuwa na ɗaga hanci na ce garin inji warin ƙarfe yake yi, a gidanmu ba a saba ba. Innata da turmi ta ciyar da mu, ni ma da turmi zan ciyar da nawa. Abin da na manta, innata ba ta wuni a tsaye gaban aji tana ɗaga murya, kuma su huɗu ne a kan turmin, ita da ƙannen babana. Ni kaɗai nake. In dawo daga ajin mata rana ta yi ja, in ajiye littattafai, in ɗaura zane in hau daka. In daka, in tankaɗe, in mayar da tsaki turmi in sake dakawa. Kafin in ɗora ruwan talge an kira sallah. Kullum a guje, kullum a fusace, kuma a ganina wannan wahalar ita ce mutuncina.

Ke kada ki yi haka. Ranar da ba ki da aiki ita ce ranar girkinki na gaske, sauran ranakun haɗawa kawai za ki riƙa yi. Ki ba da surfen dawa ko masara na mako guda, a wanke a shanya a kai inji. Ki ce a ɓarza miki kashi ɗaya ya zama tsaki, sauran a niƙa da laushi. In an kawo ki tankaɗe ki baza shi ya sha iska, don garin da aka rufe da zafin inji tsami yake yi, sannan ki juye a bokiti mai murfi. A ranar ki haɗa garin ɗanwake ma, wake da busasshen rogo a niƙa tare, ki zuba kuka ki ajiye. Ki daka yaji cike da gwangwani. Ki daka daddawa da bandar kifi da citta wuri ɗaya ki zuba a wani gwangwanin, wannan rabin miyarki ke nan an gama. Tumatir da tattasai da attarugu da albasa ki jajjaga da yawa, ki soya har ruwan ya ƙone mai ya taso sama. In kina ɗumama shi kowace safiya, kuma ba ki tsoma masa jiƙaƙƙen cokali ba, zai kai ki kwana uku lafiya lau.

In kin yi wannan, shi kansa tuwon ya daina ba da tsoro. Da shigowarki ki ɗora ruwa a risho, kafin ki cire kayan aiki ki watsa ruwa ya tafasa. Miyar kuka kuwa ba ta kai tsawon alwala da sallah ba. Ruwa ya tafasa da cokali biyu na dakakkiyar daddawan nan da ɗan soyayyen kayan miya, ki rage wuta ki kaɗa kuka da maburgi, ki sauke. Busasshiyar kuɓewa ma haka take. Ranar da kike shiga aiki da rana, ki tuƙa tuwon tun da hantsi, ki kwashe a leda ki jera a kula, da magariba zai fito da ɗuminsa. Na san za ki ce tuwon kula bai kai wanda aka sauke yanzu ba. Bai kai ba, na yarda. Amma ban taɓa jin wanda ya tashi daga kan kwano saboda haka ba.

Kuskure na biyu ya fi min ciwo, don ke ya shafa. Da yake kullum a makare nake, da zarar tuwo ya yi, malmalar farko da ta biyu, masu kyan, na waje ne. Nama in akwai, na waje. Man shanu, na waje. Ke da yayyenki kuna zaune kun zuba min ido, sai na sallami kwanon maza sannan in juyo kanku. Wata rana, ba ki fi shekara uku ba, kika yi ta bin zanena kina kuka tun ina tankaɗe. Na ce ki jira. Da na gama shirya kwanon babanku, na goge bakinsa na rufe da faifai, na waiwayo, sai na same ki kin yi barci a gindin turmi, bakinki fari fat. Ɗanyen garin da ya zube kika riƙa lasa. Na tashe ki in ba ki tuwo, barci ya riga ya ci ƙarfinki, kika ƙi buɗe baki. Kulu, maimakon in rungume ki, sai na make ki. Na san ba ki tuna ba. Ni ban manta ba, kuma ina roƙon ki yafe min.

Ni kaina a lokacin ba wani ci nake ba. In na gama da kowa, ƙamshin miyar ya riga ya ishe ni, sai in kankare ƙanzo in kora da ruwa. Gari ya waye in tsaya gaban yara jiri na ɗibata, in huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Saboda haka in kin shigo gida, da kin ɗora ruwan nan, ki zauna ki sa wani abu a cikinki. Matan Fulani suna shigowa Anka da nono kullum. Ki sami guda ɗaya ku saba, ta riƙa bar miki fura da kindirmo wajen maƙwabciya. Ki ajiye busasshen zogale da dakakken ƙuli a kusa. Tafasa ɗaya, ki matse, ki yanka albasa, ki barbaɗa ƙuli da yaji da gishiri, ga kwaɗo ya samu. Ki ci a zaune, ba a tsaye kina leƙen tukunya ba. In Allah ya ba ki 'ya'ya, kwanonsu shi ne na farko, kowa ya biyo baya. Maza manya ne, sun iya jira. Kuma a wajen ciyayya babu mai tashi da yunwa don kwano ɗaya ya makara, ai don haka ake yin ta, yau naka ya rufa wa wani asiri, gobe na wani ya rufa maka. Ni ce na mayar da ita jarrabawa, na riƙa ba kaina maki.

Na uku shi ne raini. Katanga ɗaya muke da wata mata, Tumba, matar tela. Kin san ta, ita ce tsohuwar nan mai dariya da ƙarfi da ta zo bikinki daga Bukkuyum. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wuni take a kan suya da matsa, ga 'ya'ya shida. Mijinta da babanku wuri ɗaya suke ciyayya. Ita Tumba ba ta san wani tuwon kullum ba. Yau fate, gobe ɗanwake, jibi shinkafa da wake da mai da yaji, gata a koma fate. In ta ga dama ta aika hoce, wainar dawar nan, da kwaɗo. Kafin in gama tankaɗe ta gama girki ta yi wanka, tana zaune tana tsefe wa 'yarta kai.

Wata rana ta leƙo ta kan katanga ta gan ni a kan turmi, gumi har cikin ido.

Ta ce, "Malama, mi kika yi ma kanki haka? Ki zuba tsaki ki yi hwate ki huta mana."

Na ce, "Ni ba ni kai hwate cikin maza, Tumba."

Ta ce, "Ni kau ina kaiwa, kuma kwanona wayam shika dawowa."

Na yi mata murmushi irin na wadda ta yi makaranta, na ci gaba da dakana. A raina na ce lalaci ne kawai, shi ne har ake taƙama da shi.

Fate kin iya, don da rana ina yi muku, na dare ne ban taɓa yarda ba. Amma ga na ranar gajiya. Tukunya ɗaya. Ruwa, soyayyen kayan miya, daddawa, ɗan dakakkiyar gyaɗa in kina da ita. In ya tafasa ki wanke tsaki ki zuba kina juyawa don kar ya kama. In ya nuna ki yanka yakuwa ko alayyafo da albasa ki watsa, ki rufe kaɗan ki sauke. Ɗanwake ma, tun da garin yana ajiye, kwaɓawa ce da ruwan kanwa, ki jefa a tafasasshen ruwa, in ya taso sama ya ɗan jima ki tsame, sai mai da yaji. Shinkafa da wake, waken ne kawai mai jan lokaci, to ki dafa shi da safe kina shirin fita, da yamma ki zuba shinkafa a kai. Dafa-duka da bandar kifi ita ma tukunya ɗaya ce, wanke-wanke ɗaya. Ranar da kika ji ko ashana ba za ki iya ƙyastawa ba, ki ce wa maigidanki ya shigo da balangu da burodi, ki dafa shayi. Ba a kai kowa gaban alƙali a kan wannan.

Kuma duk abin da kika dafa, ki ajiye shi ki ce bismillah, ki yi shiru. Ni a da ko tuwon ya yi kyau sai na raka shi da ban haƙuri, a yi haƙuri gishiri ya so ya yi yawa, a yi haƙuri miyar ta yi ruwa. Mutum bai ga laifi ba sai na nuna masa da yatsa. Na lura kin ɗauko wannan halin a wurina, ki yar da shi.

Yanzu ga yadda aka yi na ajiye aikin. Cikin damina ne. Ruwa ya tsare mu a ajin mata, ban fito ba sai da rana ta kusa faɗuwa, na zo na tarar itacena ya jiƙe sharkaf. Na yi ta hura wuta, hayaƙi kawai ke tashi, idanuna suna ta zuba. Ruwan bai gama tafasa ba na yi talge, talgen bai nuna ba na zuba gari, don na ji an sallame sallah. Tuwo ya fito duk gudaji, tsakiyarsa ɗanye. Na sani sarai. Akwai tsaki a gidan, akwai yakuwa a bayan ɗaki, da fate na yi da tuni an ci an manta. Amma na rufe tuwon nan da faifai, babanku ya ɗauka ya fita da shi.

A ƙofar gidanmu ake zama a lokacin, zana ce kawai tsakanina da su. Na je na raɓe a jikin zanar ina saurare, abin da bai kamace ni ba. Cikinsu akwai wani mahauci, taubashin babanku ne, tsakaninsu kullum sai tsokana. Na ji an buɗe kwano, sai ga muryarsa.

"Af! Yau kam makaranta ta canye muna tuwo."

Aka kwashe da dariya. Ban tsaya jin sauran ba, na shige ɗaki na kifa kaina a gado na yi kuka har na gode Allah. Da babanku ya dawo da kwanon, bai ce min uffan ba. Na ce shi ke nan, na kunyata shi a cikin mutane har ya rasa abin faɗa.

Washegari na rubuta takarda. Hedimasta ya karanta ya dube ni, ya ce in je in yi tunani, ya jefa ta a aljihun tebur har mako biyu. Na koma na ce ina nan a kan bakana. Da na tashi gaya wa babanku, sai na ce bayana ne ya matsa min. Ya ce, "Kin yi shawara da zuciyarki?" Na ce na yi. Ya ce, "To, Allah shi sa haka ya hi alheri." Iyakar maganar da muka yi ke nan a kan aikin da na yi shekara biyar ina karatunsa, na yi shida ina yinsa.

Daga nan tuwona bai sake makara ba. Sumul, da zafinsa, ƙamshin miya har waje. Aka riƙa misali da ni a unguwa, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin hakan. Amma kowace safiya in an buga ƙarfen makaranta, sai in tsaya ina tunanin yaran ajina. Matan ajina sun yi ta zuwa gida suna tambayar yaushe zan dawo. Ba a sami wata mace da za ta karɓe su ba, mazajensu kuma ba za su yarda namiji ya koya musu ba, sai ajin ya watse. Akwai waɗanda sun kai ga haɗa baƙi, saura kaɗan su fara karanta takarda da kansu. Ki sa wannan a cikin tunaninki, don ungozoma mace ba ta da yawa a asibitocin wajenmu, kuma kin fi ni sanin matan da za su gwammace su zauna a gida da naƙuda in aka ce namiji ne zai duba su.

Shekara ashirin da ɗoriya ina ganin na yi abin kirki, sai da bikinki ya zo. Washegarin ranar da aka kai ki, 'yan biki sun ragu, na tuƙa wa sauran baƙi tuwo. Tumba ta gutsura ta kai baki, sai ta fashe da dariyar nan tata.

Ta ce, "Malama, har yau kina nan da tuwon ga naki? Malam dai ya sha hwatena, Allah shi ba ni lada."

Na ce, "Wane Malam?"

Ta ce, "Naki mana. Ai marigayi maigidana shika ba ni labari. Kwanonki in yaz zo, Malam shi buɗe shi tura tsakiya, shi jawo nawa gabanai. Wai tuwo da dare nauyi shika yi mai ga ciki, ba shi samun kwana. Ranar da ban yi hwate ba har cigiya shika yi."

Na ce, "To nawa wa ka ci?"

Ta ce, "Mahaucin nan mana, da baƙin da sunka zo cin kasuwa. Sun ci daɗi kam!"

Mata suka yi ta dariya, ni ma na taya su, don ban san yadda zan yi da fuskata ba. Na haɗiye maganar, wata huɗu tana cikina. Ban tambayi babanku ba. Kin san mu, an rene mu a kan akwai abin da mace ba ta tambayar mijinta, ni kuma na ƙara da nawa girman kan.

Sai ga takardarki. A ƙarshenta kin rubuta cewa tun tasowarki ba ki taɓa ganin babanku ya fita ba kwano ba, kuma so kike ki zama kamar ni. Wannan layin ne ya tashe ni tsaye. Jiya bayan azahar na same shi a inuwar darbejiya yana fama da rediyonsa da ya ƙi kamawa, na jawo tabarma na zauna kusa da shi.

Na ce, "Malam, wai can Bukkuyum hwaten Tumba kaka ci, ka bar tuwona?"

Ya ɗago ya dube ni, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Wa yag gaya maki?"

Na ce, "Ita, da bakinta."

Ya ce, "Awo, gaskiya ta."

Na ce, "Nan Gummi hwa?"

Ya ce, "Nan ma ba a rasa mai kawo abu marar nauyi."

Na ce, "Shekara nawa, Malam, ba ka taɓa hwaɗa mani ba?"

Ya ce, "Ina kallon wahalar da kika sha kan tuwon ga, tun la'asar kina bisa turmi. In buɗe baki in ce maki ba ni so? Ban iya ba."

Na ce, "To ka san don tuwon ga nib bar makaranta?"

Ya ajiye rediyon a ƙasa. Ya ce, "Ba ciwon baya ba?"

Na ba shi labarin ranar ruwan nan, da raɓewata jikin zana, da abin da mahauci ya faɗa. Sai ya ce, "Ashe kina nan. To ba ki ji abin da nic ce mai ba?"

Na ce ban tsaya ba.

Ya ce, "Ce mai niy yi, makarantar da tac canye ma tuwo ita ka koya ma matarka rubuta sunanta, sai ka ci da haƙuri. Dariyar da anka yi mai ta hi ta hwarko. Da nis shigo nig ga idonki ya yi ja, nic ce hayaƙi na da gajiya, in ƙyale ki ki huta."

Ya ce a can Bukkuyum babu abin da yake jin daɗi kamar a nuna shi a ce ga mijin Malama. Ranar da na ce zan bari, ya so ya ce in dakata, sai ya ga kamar zai hana mai ciwo hutawa. Ni na ji kunyar tambaya, shi ya ji nauyin faɗa, aikina ya salwanta a tsakani.

Don haka, Kulu, duk abin da na jera miki na gari da gwangwani ƙarami ne a kan wannan. Ki tambayi maigidanki. Ba ranar da kika dawo a gajiye ba, ranar hutunki, bayan ya ci ya natsu. Ki tambaye shi da baki, ba da kallon fuska ba, me yake son ci da dare, me ake cewa a wajen ciyayyar, kuma yana so ki bar aikin ko ba ya so. Ki nuna masa takardar kafin ki nuna wa kowa. Shirun nan nasa ba ki san abin da ke cikinsa ba. Wataƙila fushi ne, wataƙila tausayinki yake ji ya rasa ta inda zai fara. Ban gama saninsa ba, ba zan yi masa shaida ba. In ya ce shi lallai sai tuwo kullum, ga leda ga kula, kin ji yadda ake yi. In kuma bayan kun yi magana ke da kanki kin ga barin ya fi miki, ki bari, albarkata tana tare da ke. Amma kada ki bari a kan zato.

Na ba direba ƙullin kaya ya haɗa miki da wannan takardar. Akwai garin ɗanwake da tsaki da kuka, da dakakkiyar daddawa, da bandar kifin gulbi, da ƙuli, da man shanu. Ki duba ko man shanun bai zube ba, don murfin bai kama sosai ba.

Jiya da magariba, karon farko tun da aka ɗaura mana aure, fate na yi wa babanku na dare. Nan da nan na gama, har na rasa abin da zan yi da hannuwana. Bai fita da shi ba, ya ce a nan zai ci. Ya cinye, ya miƙo kwano na ƙara masa. Ni kam na kasa kai ko cokali ɗaya bakina.

Allah ya tsare min ke a fitarki da shigarki, ya sanyaya miki gajiya, ya buɗe bakinki da na maigidanki a kan alheri, ya zaɓa miki abin da ba za ki yi nadamarsa ba. Babanku yana gaishe ku, yana sa muku albarka. Ki gaishe min da surukanki da kyau.

Wassalam.

Innarki.